Marigayi Ohene Djan: Mutumin Da Ya Nema Wa Talaka Wurin Zama A Filin Ƙwallo

Duk wanda ya saba cin kasuwannin iyaka, tun daga Paga har Bawku, Kulungugu da Sankanse, ya san cewa ranar da Asante Kotoko za ta kara da Hearts of Oak, ciniki kan ja baya da yamma. Mai goro da mai albasa da direban tasha duk sukan kewaye rediyo ko talabijin, kowa da ƙungiyar da yake goyon baya. Sai dai kaɗan daga cikinmu ne suka san wanda ya kafa tubalin wannan gasa da muke musu a kanta. A wannan makon mun ga ya dace mu kawo wa mai karatu tarihin marigayi Ohene Djan, Daraktan Wasanni na farko a ƙasar Ghana, domin rayuwarsa ta tabo wata tambaya da ta shafe mu kai tsaye: wasan ƙarshe na kofi na wane ne, na manyan da ke zaune a inuwa ko na talakan da ya biya kuɗin ƙofa?

Asalinsa da karatunsa

An haifi Ohene Djan ranar 29 ga Janairu, 1924. Ɗan asalin garin Aburi ne da ke kan duwatsun Akuapem, arewa da birnin Akra, wanda iyayenmu fatake ke kira Ankara. Ya fara karatu a makarantun mishan na garinsu, daga nan ya wuce makarantar sakandare ta Accra Academy. Bayan kammala karatu ya yi aikin akawu a gwamnati, ya kuma taɓa harkar cinikin koko ta gidansu. Ke nan tun yana saurayi ya san sikeli da lissafi, ya kuma san cewa kasuwa ba ta ci sai da mai saye.

Lokacin da guguwar neman 'yancin kai ta kaɗa, sai ya shiga jam'iyyar CPP ta Kwame Nkrumah. A zaɓen 1951 ya ci kujerar majalisa yana ɗan shekara 27, aka kuma naɗa shi sakataren minista a ma'aikatar kuɗi, muƙamin da ya yi daidai da na mataimakin minista a yau.

Faɗuwarsa ta farko

Wannan ɗaukaka ba ta daɗe ba. A ƙarshen 1953, J. A. Braimah, basaraken Gwanja daga Kpembe kusa da Salaga, wanda yake ministan ayyuka da sadarwa, ya ajiye aiki bayan ya amsa cewa ya karɓi fam 2,000 daga hannun wani ɗan kwangila. Wannan ne ya sa aka kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Arku Korsah. Guguwar binciken cin hanci ta wancan lokaci ta rutsa da Ohene Djan da wani sakataren minista mai suna Atta Mensah, kotu ta same su da laifi, aka ɗaure su. Da haka ya rasa muƙaminsa da kujerarsa a 1954.

Ba mu kawo wannan don cin mutuncin wanda ya riga mu gidan gaskiya ba. Mun kawo shi ne domin tarihi ba ya cika idan an ɓoye rabinsa, kuma domin mai karatu ya ga cewa mutumin da ya gyara ƙwallon Ghana ya fara ne daga ƙasa, bayan mutane da yawa sun ɗauka tasa ta ƙare.

Yadda ya sami ƙwallo a hargitse

A wancan zamani akwai ƙungiyoyi masu tarihi. An kafa Hearts of Oak a 1911, Asante Kotoko kuma a 1935. Amma babu tsayayyar gasa ta ƙasa baki ɗaya. Kowane gari da hukumarsa, kowace hukuma da rigimarta. An gwada shirya gasar ƙasa a 1956, sai ƙungiyoyin Kumasi suka ƙaurace mata, abin ya watse. Ɗan kallo bai san ranar da za a yi wasa ba, bai kuma san ko wasan da ya biya kuɗi ya kalla zai kai ga wani kofi ba.

A shekarar samun 'yancin kai, 1957, shahararren ɗan wasan Ingila Stanley Matthews ya zo Ghana bisa gayyatar Hearts of Oak. Cincirindon jama'ar da suka fito kallonsa ya nuna cewa masu son ƙwallo suna nan birjik, tsari ne kawai babu. A watan Satumba na shekarar aka zaɓi Ohene Djan shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, ya maye gurbin Richard Akwei. Yana da shekara 33.

Bai ɓata lokaci ba. A 1958 ya tsayar da gasar lig mai ƙungiyoyi 8, biyu-biyu daga garuruwa huɗu: Hearts of Oak da Great Olympics daga Akra, Asante Kotoko da Cornerstones daga Kumasi, Hasaacas da Eleven Wise daga Sekondi, sai Mysterious Dwarfs da Venomous Vipers daga Cape Coast. Hearts ce ta ɗauki kofin farko, Kotoko ta karɓa a 1959, Eleven Wise a 1960. Haka kuma a 1958 aka fara gasar kofin ƙalubale, inda Kotoko ta doke Hearts da ci 4 da 2 a wasan ƙarshe. A shekarar ce kuma Ghana ta zama mamba a hukumar FIFA.

Ɗan kasuwa ya fi kowa fahimtar amfanin abin da ya yi. Kasuwar Bolga da ta Bawku suna ci ne duk bayan kwana uku, kuma don kowa ya san ranar shi ya sa mai kaya yake ɗauro kayansa, mai mota yake cika motarsa. Abin da Ohene Djan ya yi wa ƙwallo ke nan: ya yanka mata ranar kasuwa. Da jadawali ya tsaya, sai ɗan kallo ya san ranar da ƙungiyarsa za ta zo garinsa, ƙungiyoyi suka fara samun kuɗin ƙofa a kai a kai, kofi kuma ya zama abin da ake ci da gumi a gaban idon jama'a.

Sai dai mai karatu ya lura da abu guda: a cikin ƙungiyoyi takwas ɗin nan babu ko ɗaya daga Arewa. Za mu dawo kan wannan.

Daraktan Wasanni

A 1960, shekarar da Ghana ta zama jamhuriya, Shugaba Nkrumah ya kafa babbar hukumar wasanni ta ƙasa, ya ɗora Ohene Djan a kanta. A zamaninsa ne ƙungiyar ƙasa ta yi suna da Black Stars, sunan da ke tuna baƙin tauraron da ke tsakiyar tuta. Ya ɗauko masu horarwa daga Ingila da Suwidin da Hangari, amma bai tsaya nan ba. Ya tura C. K. Gyamfi ƙasar Jamus ya koyo aikin, ya dawo aka miƙa masa ragamar ƙungiya, a lokacin da yawancin ƙasashen Afirka ke ganin sai Bature ne zai iya.

Manufarsa ita ce manyan wasanni su zo inda jama'a suke. A watan Agusta na 1962 ya kawo Real Madrid, wadda ta riga ta ci kofin Turai sau 5 a jere, tare da su Di Stefano da Puskas da Gento. A filin wasa na Akra aka tashi canjaras, 3 da 3. Lebura da ɗan dako da ba su taɓa mafarkin zuwa Sifaniya ba sun ga waɗannan taurari da idonsu, sun kuma ga 'ya'yansu sun riƙe su.

A ƙarshen 1963 Ghana ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin Afirka. Ƙasashe 6 ne suka shiga, kuma ba a tara wasannin a babban birni kaɗai ba, an raba su tsakanin Akra da Kumasi. Ranar 1 ga Disamba Black Stars ta lallasa Sudan da ci 3 da nema a wasan ƙarshe. Bayan shekara biyu, a 1965, ta bi Tunisiya har gida ta doke ta da ci 3 da 2 bayan ƙarin lokaci. A tsakanin nan, a wasannin Olamfik na Tokiyo a 1964, Ghana ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe.

Yaƙinsa da FIFA

Babban abin da duniya ke tuna shi da shi shi ne rigimar kofin duniya na 1966 da aka yi a Ingila. Gurbi 16 ne a gasar. FIFA ta ba Turai 10, Kudancin Amurka 4, Arewaci da Tsakiyar Amurka 1, sannan ta ce Afirka da Asiya da yankin Ostareliya su haɗu su yi kokawa a kan gurbi ɗaya tal. Ma'ana, ko ƙasa ta doke kowa a Afirka, ba ta da tabbacin zuwa.

Ohene Djan ya ga wannan raini ne ga miliyoyin masu son ƙwallo a nahiyar. Tun farkon 1964 ya aika wa FIFA saƙon waya yana ƙin amincewa, ya kuma haɗa kai da Yidnekachew Tessema na ƙasar Habasha suka jawo hankalin sauran ƙasashe. Da FIFA, a ƙarƙashin Stanley Rous, ta ƙi sauya tsarin, sai ƙasashen Afirka 15 da suka yi rajista suka janye gaba ɗaya. An kuma zaɓe shi cikin kwamitin zartarwa na FIFA, inda ya kasance cikin masu matsa lamba a kan Afirka ta Kudu saboda wariyar launin fata.

Ghana ce ta fi kowa asara, domin ita ce zakarar Afirka, kuma 'yan wasanta irin su Osei Kofi suna kan ganiyarsu. Abin da ya ƙara wa mutane takaici, wanda ya fi kowa zura ƙwallo a gasar ta 1966 shi ne Eusebio, haifaffen Mozambik, da ya ci wa Fotugal ƙwallo 9. Amma haƙuri ya biya. Daga gasar 1970 aka ba Afirka gurbinta na kanta, Maroko ta je. Gurbin ya ƙaru zuwa 5 a 1998, ya kai 9 na kai tsaye a gasar 2026. Ghana kanta sai a 2006 ta fara zuwa, shekara 19 bayan rasuwarsa. Duk wanda ya yi ihu a gidan kallo a Bawku ko Yendi lokacin da Black Stars ta kai zagayen 'yan takwas a 2010, ya ci daga itacen da wannan mutum ya dasa.

Inda ya saɓa wa 'yan kallo

Duk da haka akwai inda Ohene Djan ya taka 'yan kallon da yake yi wa aiki. A 1961 aka fito da wata ƙungiya mai suna Real Republikans, wadda jama'a suka sani da ƙungiyar Osagyefo, wato ta shugaban ƙasa. Tsarin shi ne a zaɓo gwanaye biyu daga kowace babbar ƙungiya a tara su wuri ɗaya, domin su saba da juna su zama ƙashin bayan Black Stars. A takarda dabara ce mai kyau. A zuciyar magoya baya kuwa ƙwace ne.

Daga Kotoko aka ɗauke Dogo Moro da Baba Yara. Baba Yara, wanda sunansa na yanka Usman Seidu, an haife shi a Kumasi a 1936, kuma shi ne ɗan wasan gefen da ake yi wa laƙabi da sarkin 'yan gefe na Afirka ta Yamma. Yana cikin waɗanda suka ci Nijeriya 7 da nema a Akra a 1955. Ɗauke irin wannan ɗan wasa daga Kumasi kamar a ɗauke wa kasuwa babban dillalinta ne. Mutanen Kotoko sun fusata har suka yi barazanar ficewa daga gasa, aka daɗe ana kai ruwa rana tsakaninsu da Daraktan.

Ranar 24 ga Maris, 1963, motar Republikans ta yi haɗari a Kpeve da ke jihar Volta a kan hanyar dawowa daga wasa. Baba Yara ya samu rauni a ƙashin baya. An kai shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, amma bai sake tsayawa da ƙafarsa ba. Bai buga gasar Afirka da aka yi a gida a shekarar ba, kuma ya rasu ranar 5 ga Mayu, 1969, yana da shekara 32. Allah ya jiƙansa.

Republikans ta ci lig sau ɗaya, ta kuma ɗauki kofin ƙalubale sau 4 a jere. Amma wasan ƙarshen da kowa ya san wanda zai ci tun kafin a busa usur, me ya rage masa na daɗi? Ko a gasar zakarun kulob-kulob na Afirka ta farko, wadda Nkrumah ya ba da kofinta aka kuma kammala ta a Ghana a watan Fabrairu na 1965, Oryx Douala ta Kamaru ce ta fitar da Republikans, sannan ta doke Stade Malien ta Mali da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe a Akra. Kofin da ƙungiyar gwamnati ta kasa ɗauka, ƙungiyoyin jama'a ne suka kawo shi daga baya: Kotoko a gasar 1970 da ta 1983, Hearts a 2000.

Ƙarshen zamaninsa

Ranar 24 ga Fabrairu, 1966, sojoji suka kifar da gwamnatin Nkrumah. Nan take aka rushe Real Republikans, aka sauke Ohene Djan, ya kuma rasa kujerarsa ta FIFA. Ƙungiyar da aka gina da ikon gwamnati ta tafi tare da gwamnatin. Lig da kofin ƙalubale kuwa, da yake a kan magoya baya aka gina su, suna nan har yau. Bai sake riƙe irin wancan iko ba har ya rasu ranar 26 ga Maris, 1987, yana da shekara 63.

A 2004 gwamnati ta sa wa filin wasa na Akra sunansa, na Kumasi kuma sunan Baba Yara. Daga baya hukumar birnin Akra ta cire sunansa bayan ƙorafin wasu 'yan ƙabilar Ga da ke ganin ɗan gari ya fi cancanta. Sunan Baba Yara kuwa yana nan a Kumasi.

Rabon Arewa

Aikin da Ohene Djan ya fara na kai ƙwallo ga jama'a bai iso gare mu a zamaninsa ba, alhali 'ya'yan zango da na Arewa ba su taɓa yin ƙaranci a fili ba. Bayan Baba Yara da Dogo Moro an yi Ibrahim Sunday, gwarzon Afirka na 1971, da Mohammed Polo na Nima, da Abdul Razak, gwarzon Afirka na 1978. An kafa Real Tamale United a 1976, kuma marigayi Alhaji Aliu Mahama, ɗan Yendi, yana cikin waɗanda suka tsaya mata. Daga cikinta Abedi Pele ya fito, wanda tushen gidansu Paga ne, ya zama gwarzon Afirka sau 3 a jere daga 1991 zuwa 1993.

Sai a gasar Afirka ta 2008 Tamale ta samu filin wasa na zamani. Ranar 29 ga Oktoba, 2017, aka kawo wasan ƙarshe na kofin ƙalubale can, Kotoko ta doke Hearts da ci 3 da 1, Saddick Adams ya ci ukun duka. Daga Bolga zuwa Tamale tafiyar kilomita kusan 160 ce, mutum zai iya fita da safe ya kalli wasa ya kwana a gidansa. Zuwa Akra kuwa wajen kilomita 800 ne, ga kuɗin mota, ga masauki, ga asarar ranar kasuwa. Wannan bambanci shi ne ke raba wanda zai kalli wasan ƙarshe da idonsa da wanda zai ji labari.

Kada kuma mu manta da ranar 9 ga Mayu, 2001, lokacin da mutum 126 suka rasu a filin Akra a wasan Hearts da Kotoko, bayan 'yan sanda sun harba barkonon tsohuwa cikin jama'a alhali ƙofofi suna rufe. Da yawa daga cikinsu matasan zango ne, musamman na Nima. 

Kiranmu ga hukuma

Saboda haka muna kira ga hukumar ƙwallon ƙafa ta Ghana da hukumar wasanni ta ƙasa da su ɗora daga inda marigayin ya tsaya. A riƙa zagayawa da wasan ƙarshe bisa tsari sananne, ta yadda Arewa za ta san shekarar da zai zo mata. A sanar da rana da wuri tun da sauran lokaci, domin ɗan kasuwa ya shirya tafiyarsa, 'yan tasha su tanadi motoci. A ware babban kaso na tikiti a farashin da ɗan dako zai iya biya, a sayar da shi ta kuɗin waya tun kafin ranar, don a huta da turereniya da 'yan bumburutu a bakin ƙofa. A fara wasa da wuri yadda na nesa zai kama hanya da sauran haske. A bar ƙofofin fita a buɗe, a tanadi ruwan sha da banɗaki da wurin sallah, a kuma ba mata masu abinci da masu tsire wuri a harabar fili ba tare da an tsawwala musu haraji ba. A ba gidajen rediyon karkara damar watsa wasan da Hausa, Dagbanci, Gurune da Kusal.

Wakilanmu a majalisa da sarakunanmu su ma da nasu aikin. Ba a taɓa kawo wasan ƙarshe na kofin ƙalubale Bolgatanga ba, kuma ba za a kawo ba sai an gina filin da zai ɗauke shi. Irin wannan wasa zai jawo 'yan kallo har daga Po da Bittou na Burkina Faso da Dapaong na Togo, kuma mu 'yan kasuwa mun san abin da taron baƙi ke kawo wa gari. Ohene Djan ya ƙi yarda a bar Afirka a bakin ƙofar kofin duniya. Mu ma bai kamata mu yarda a bar mu a bakin ƙofar kofin ƙasarmu ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a filin Akra, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.